Milimita Biyu da Rabi

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Biyu cif. Abin da kwamfutar ta ce ke nan.

Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta magungunan mijina, Baban Auta, amma yau ba ni da wanda zan faɗa wa magana sai shi.

Shekarata ashirin da biyu ina aikin hoto a asibitin nan. Ni ba likita ba ce, duk da Baban Auta Likita yake ce mini in tsokana ta motsa masa. Aikina in shafa wa mutum man hoto, in ɗora kan na'ura a fatarsa, jijiyar jini ta fito a allo baƙa wuluk kamar bakin rijiya, in sa alama ɗaya a wannan bangon ɗaya a wancan, in karanta faɗinta. Wata bakwai ke nan mijina yana wankin ƙoda ta robar da aka sa masa a wuya. Robar wuya ƙofar ciwo ce a buɗe, ba a son mutum ya daɗe da ita. Abin da ake so a yi masa tiyata a haɗa jijiyoyi biyu a hannu, a koma wankin ta nan, a cire robar. To amma Babban Likita ba ya taɓa jijiyar da ba ta kai milimita biyu da rabi ba. Ya ce ƙarama ba ta ɗorewa.

Wata uku da suka wuce na auna hannun hagunsa da kaina a tsohon ɗakinmu, na samu biyu da ɗigo bakwai. Yau Amarya, abokiyar aikina, ta ɗora masa na'ura a sabon ɗaki, kwamfuta ta zana ɗan zobenta kore a kan jijiyar ta ce biyu. Hannu ɗaya, jijiya ɗaya, wuri ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Shi kuwa dariya ya yi a mota. Ya ce, "Shekara talatin ina haɗa wa mutane bututun famfo, ashe nawa ne bai kai ba." Ban taya shi ba.

Talata, 5, da asuba

Na san bai kamata ma'aikaci ya auna nasa ba. Na sani, ba sai an faɗa mini ba.

Laraba, 6, bayan azahar

Babban Likita ya kira ni ofis. Hotuna biyu ne a gabansa, nawa na wata uku da na Amarya na shekaranjiya. Ya ba ni kujera, har ya tambayi lafiyar Auta da karatunta, abin da bai taɓa yi ba. Nan na sha jinin jikina.

Ya ce, "Hajiya, ba wanda ya ce kin yi wani abu."

Na ce, "To me ya kawo maganar, ranka ya daɗe?"

Ya ce kafin a gama dubawa in bar awon jijiya, in koma ɗakin masu ciki. Za a bai wa kwamfuta tsofaffin hotunana ta sake auna su, a ga ko hannuna yana ƙari.

Yana ƙari. Sai ka ce mai awon hatsi a kasuwa.

Abin da nake son sani ɗaya ne, wa ya kai masa hotona? A cikin na'ura yake, a ƙarƙashin lambar da nake zaton ni kaɗai na sani. Mu uku ne ke shiga na'urar: ni, Amarya da Injiniyan da kamfani ya turo da kwamfutar.

Alhamis, 7, ƙarfe huɗu

Injiniyan nan bai kwanta mini ba tun ranar da ya zo, mako bakwai ke nan. Mutum ne mai yawan murmushi, kuma komai sai ya rubuta. Shi ya ce kwamfutarsa ba za ta zauna a tsohon ɗaki ba, wanda muke kira Murhu saboda bangonsa ɗaya da ɗakin dafa kayan tiyata. Aka ba mu sabon ɗaki mai tayil da esi. Shi ya fitar mini da butar lantarki da kwanon da nake jiƙa kwalbar man hoto a ruwan zafi, wai tururi yana ɓata masa kaya.

Ban yi musu ba a lokacin. Gaskiya ɗakin ya yi mini. A shekaruna zafi kan taso mini daga ƙirji ba sallama, a Murhu kuwa sai in jiƙe sharkaf kafin sha ɗaya.

Yau na tare shi a baranda na ce, "Injiniya, abin naku yana kuskure kuwa?"

Ya ce, "Mama, ita abin da aka nuna mata take aunawa. Ba ta da ɗan'uwa, ba ta da abokin gaba."

Ba ta da ɗan'uwa. Ai na gane inda aka dosa.

Asabar, 9, da la'asar

Ranar wanki. Awa huɗu ina zaune a gefensa ina kallon jininsa yana fita yana dawowa.

Tela yana kujerar da ke kusa da tasa kamar kullum. Dattijo ne siriri, shi ma roba ce a wuyansa, kuma ko a nan tef ɗin awonsa yana rataye a kafaɗa. Tun da suka haɗu suka zama kamar 'yan ajin firamare, ba sa barin ma'aikatan jinya su huta. Da ya ji labarin biyu cif sai ya ce, "Ka ga mun zama 'yan gida ɗaya. Ni ma biyu da ɗigo uku Uwargida ta ba ni." Ya juyo gare ni. "Uwargida, mu teloli mukan bar ɗan sarari a ɗinki saboda gaba. Ku ba ku da wannan?"

Na ce kwamfuta ce ta faɗa.

Ya ce, "Haka kika ce mini ran nan ma."

Wasa yake yi, na san wasa yake yi. Amma me ya sa ya ɗauko maganar a gaban mutane?

Daga nan ya miƙo tef ya auna hannun Baban Auta daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ya rubuta a bayan katinsa. Wai zai ɗinka masa riga mai maɓallai a hannun hagu tun daga sama har ƙasa, yadda in an yi tiyatar zai riƙa buɗewa ba sai ya tuɓe ba. Baban Auta ya ce ai an hana shi tiyatar. Tela ya ce, "Kai dai bar ni da aikina."

Lahadi, 10

Ban fita ba. Na wanke labulen da ba su yi datti ba.

Litinin, 11, ƙarfe biyu

Amarya ce. Kusan na tabbata.

Shekara uku da aurenta sunan ya ƙi barinta, kuma ni na koya mata riƙon na'ura. Yau na leƙa sabon ɗaki ɗaukar kofina, na tarar da ita da Injiniya sun haɗa kai a kan allo. Da ganina suka yi tsit. Ta ce, "Anti, ina kwana," da wata murya ƙasa-ƙasa.

Kuma kwanan nan kullum da rigar sanyi take zuwa, mai manyan aljihu biyu. A wannan zafin. Wayarta tana aljihun dama, na ga tudunta. Ko ɗaukar maganata take yi? Daga yau gaisuwa kawai.

In aka kawar da ni, ita ce babba a ɗakin. Ba sai an yi dogon lissafi ba.

Talata, 12, bayan magariba

Zazzaɓi. Talatin da tara da ɗigo biyu. Gefen robar Baban Auta ya yi ja, kuma da na danna sai ga ruwa. Sun ɗebi jini, sun fara masa allura, sun ce mu dawo gobe.

Karo na biyu ke nan a wata bakwai. Na san abin da na uku kan zama, aikina ne in sani, amma ba zan rubuta ba.

Auta ta bugo daga makaranta. Na ce mata mura ce.

Alhamis, 14, ƙarfe uku da rabi

An gama dubawa. Hotuna ɗari biyu da goma sha ɗaya na shekara biyu, duk awon hannuna. Kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba inda muka saɓa da abin da ya wuce ɗigo ɗaya. Injiniya ya ce bai taɓa ganin hannu irin nawa ba. Ido ba mudu ba, ya san kima. Na so in ji daɗi, daɗin bai zo ba.

Na ce, "Na mijina fa?"

Ya ce, "Biyu da ɗigo bakwai. Daidai da naki."

Na dubi Babban Likita ina jiran ya ce a sa ranar tiyata. Sai ya cire tabarau ya hau goge shi da gefen riga. Ya ce ai matsalar ke nan. In awon daidai ne a hoton da, kuma daidai ne a hoton yanzu, to ko dai jijiyar ta tsuke cikin wata uku, ko kuma… bai ƙarasa ba. Ya ce hoton jijiya ba ya ɗauke da fuskar mai ita.

Wato hannun wani na ɗauka na sa sunan mijina.

Na tashi na fita ban yi sallama ba. Shekara ashirin da biyu.

Juma'a, 15, da hantsi

Ina ba shi magani ya riƙe kofin bai sha ba. Ya ce, "Likita, ranar nan da kika auna ni a ɗakin zafin nan, ni dai na yi gyangyaɗi. Hannuna ne dai ko?"

Na ce, "Kai ma?"

Ya ce, "Ba zarginki nake ba. In ma kin yi, don ni kika yi."

Wannan ya fi na Babban Likita ciwo. Na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kukana, na wanke fuska na fito. Wa ya sa masa wannan a kai? Jiya na gan shi yana waya a tsakar gida, da na fito ya kashe.

Amma ga abin da ba na so in rubuta. Da na zauna ina tuna ranar, ni kaina sai da na tambayi kaina ko na matsa da na'urar sama kaɗan, inda jijiya ta fi faɗi. Ban yi ba. Ina jin ban yi ba.

Asabar, 16, da yamma

Kujerar Tela wata mata ce a kai. Sun ce an kwantar da shi a ɗakin jinya na sama tun Alhamis, zazzaɓi ya ƙi sauka.

Baban Auta ya ce mu hau mu gaishe shi. Na ce ƙafata na ciwo. Ya hau shi kaɗai da ledar ruwa a hannu, na jira shi a mota.

Litinin, 18, ƙarfe ɗaya

Na je sabon ɗaki lokacin da na san ba kowa, don in kwashe sauran kayana daga aljihun tebur. Inna mai goge-goge kawai na tarar, tana duƙe tana laluben ƙarƙashin gado. Tsohuwa ce da ta riga ni zuwa asibitin nan, kuma ba ta ragar wa kowa.

Na ce, "Inna, me ya ɓace?"

Ta ce, "Zobena, 'yar nan. Ɗakin nan naku na aljanu ne. A gida ko da sabulu ba ya fita, amma da na yi minti goma a nan sai ya sulluɓe. Sanyi ya tsotse mini yatsu kamar busasshen kara. Wa yake ƙure abin nan haka, gawa ake ajiyewa?"

Na tsugunna na taya ta nema, muka same shi a bayan ƙafar gado. Ta tafi tana mita.

Na zauna a kujerata. Na buɗe aljihun tebur. Rimot ɗin esin yana ciki, inda nake ajiye shi tun makon farko don kada wani ya taɓa mini. Goma sha shida yake nunawa.

Litinin ɗin dai, ƙarfe shida

Jijiya tana tsukewa a sanyi. Ɗalibin shekarar farko ya san wannan. Ni na koya wa Amarya wannan da bakina.

A Murhu ban taɓa buƙatar tunawa ba, ɗakin yake yi mini aikin. Man hoto da ɗumi, tawul da ɗumi, mutum ya zauna yana gumi yana ba ni labarin jikokinsa, jijiya ta buɗe ta kwanta. Ni a zatona duk kyautatawa ce kawai nake yi wa tsofaffi. Ashe rabin awon ke nan.

Mako biyu ina bin fuskokin mutane ina neman wanda ya yi mini. Laifi tudu ne.

Talata, 19, kafin a fara aiki

Na riga kowa zuwa. Da Amarya ta shigo na ce, "Auna ni." Ta tsaya tana kallona. Na miƙa hannu na ce ta ɗaura mini robar matse hannu ta auna, kuma ta kira Injiniya ya tsaya a kai.

Na yi minti ashirin a ɗakin tukuna. Kwamfuta ta ce biyu da ɗigo biyu. Muka kashe esi, muka buɗe taga, na aika aka karɓo ruwan zafi a wurin masu shayi, na naɗe hannun da tawul minti goma. Wuri ɗaya, na sa masa alama da biro. Kwamfuta ta ce uku.

Injiniya ya daina murmushi. Ya ce shi ashirin da huɗu ya rubuta a takardar da ya bari, kwamfutar ba ta buƙatar fiye da haka. Ya tambaya wa ya mai da shi sha shida.

Amarya ta dubi ƙasa. Ta sani sarai. Kusan mako tara tana rawar ɗari a cikin rigar sanyi, ta kasa ce wa wadda ta koya mata aiki ta rage.

Na ce, "Ni ce."

Daga baya na tambaye ta wa ya kai hotona ofis. Ta ce, "Ni ce, Anti. Na kai ne don Likita ya ga jijiyar Baba ta taɓa kaiwa, ko zai yarda a sake aunawa. Ban san haka zai juya ba." Wayar da Baban Auta yake yi a tsakar gida ma da ita ce, jikinsa take tambaya, tana tsoron kira na.

Na ce rigar ta yi mata kyau.

Laraba, 20, da azahar

Babban Likita ya saurare mu a tsaye. Bai ba da haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ya ce a sake auna mijina ran Juma'a, Amarya ta riƙe na'ura, shi zai tsaya da kansa, ni kuma in jira a waje.

Sannan ya ce, "Mutum nawa aka auna a ɗakin nan tun da aka buɗe shi?"

Na ce zan duba.

Ba sai na duba ba.

Alhamis, 21

Zazzaɓin Baban Auta ya sauka. Ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Juma'a, 22, ƙarfe goma sha ɗaya

Na zauna a bencin baranda tare da masu jiran layi, kamar kowa. Ban taɓa lura bencin yana da ƙusa a gefe ba. Minti ashirin da biyar suka yi. Ina jin muryarsa ta ƙofa yana yi wa Babban Likita bayanin yadda bututun roba ke taurarewa da sanyin safiya.

Amarya ta leƙo ta ɗaga mini yatsu, biyu, sannan shida.

Biyu da ɗigo shida. An sa tiyata ran uku ga watan gobe, in jininsa ya fito da tsabta. Bayan nan sai jijiyar ta yi mako shida tana ƙwari kafin a cire robar. Da sauran tafiya, amma an buɗe hanya.

Da ya fito ya ce, "Ɗigo ɗaya kika ƙara mini, Likita. Na son kai." Na ce ya rufe mini baki. Na riƙe hannun, da ɗuminsa har lokacin.

Asabar, 23, da la'asar

Tara ne. Mutum tara aka auna a ɗakin kafin mijina, kuma duk ni na riƙe na'urar. An mayar da shida gida ba tiyata.

A Murhu, cikin goma da ƙyar ake mayar da biyu. Na ga lambobin suna fitowa ƙanana mako bayan mako. Na ce a raina wannan zubin marasa lafiyar ne haka. Na ce kwamfuta ta fi ni ido. Na sa hannu a takarda shida, na tafi gida na yi barcina. Ban ce ruwa ba ya tsami banza ba sai da ya zo kan nawa.

Na kira biyar yau, duk za su dawo ran Litinin. Ɗaya har addu'a ta yi mini.

Na shidan ba sai na kira ba, Tela ne, yana sama. Na hau har ƙofar ɗakin. An ja labule, 'yarsa tana zaune a ƙasa ta jingina da bango. Ba ta san ni ba. Na wuce kamar wani ɗakin nake nema.

Biyu da ɗigo uku. Ɗigo biyu ya rage masa. Tawul ɗaya.

Lahadi, 24

Ko da na auna shi daidai, da robar tana wuyansa har yanzu, jijiya sai ta yi mako shida. Na lissafa kwanakin sau uku. Wani lissafin yana fitar da ni, wani ba ya fitarwa.

Litinin, 25, da safe

Jiya da la'asar. Allah ya jiƙansa.

Baban Auta ya tafi jana'iza da Injiniya, shi ya ɗauke shi a mota. Ni ina da mutum biyar da zan auna. Na dawo da butata da kwanona, ba wanda ya hana ni. Huɗu sun kai.

Alhamis, 28, ƙarfe biyar na yamma

'Yar Tela ta zo gida da leda. Ta ce tun kafin a kwantar da shi ya gama rigar, ya ce a kai wa abokinsa, hidima ce ta hana ta kawowa. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Baba yana yawan maganarki, Mama. Ya ce ke ma mai awo ce irinsa." Na ba ta ruwa. Ban faɗa mata ba. Na ce wa kaina ba yau ba, kuma na rubuta lambarta a bangon littafin nan don kada in ce na manta.

Shuɗiya ce mai haske. Maɓalli tara a hannun hagu, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, kowanne da ramin da aka ɗinke bakinsa da hannu.

Bayan ta tafi Baban Auta ya sa. Ya tsaya a tsakar ɗaki yana ɓalle maɓallan yana mayarwa, bai dube ni ba. Na zo na taya shi da na ƙarshe. Kafaɗa ta zauna, tsawo ya zauna. A daidai inda za a yi tiyatar, wurin da hannu zai kumbura, na sa yatsa na ji ya bar masa ɗan sarari.